Aljihun da Na Ɗinka wa Yaya

Ni tela ce, kuma shagona yana kallon ƙofar baya ta kamfanin motocin da yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki. In na ɗaga kai daga kan keke ina hango wurin wankin motoci, da ɗakin tayoyi, da ɗan ɗakin da suka mayar asibiti, da ban ɗakin da ke manne da shi. Ba ni na nemi in zama 'yar sa ido ba, tagar ce aka yi ta a nan. Amma tunda Allah ya ba ni idon, ban ga dalilin runtse shi ba.

Direbobi suna kiran yayana Baba Bi-a-Sannu. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Auta yake ce min har yanzu da furfura ta fara leƙo min. Doguwar mota yake ja, irin mai zuwa gari mai nisa ta kwana ta dawo. Ba ya shan taba, ba ya shan komai, ko shayi ne in ya yi kauri sai ya ƙara masa ruwa. Tunda ya kama sitiyari bai taɓa buge ko akuya ba. Tsofaffi da masu goyo sukan zo su tambayi ranar da motarsa za ta tashi, su koma gida su jira ta.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ya ishe shi: bai iya cewa a'a ba. Muna yara aka saya masa takalmi, ya fita da shi da safe ya dawo ƙafa ba komai, wai ɗan maƙwabta ne ya ara zai je gaida kakarsa. Takalmin nan har yau yana can wajen kaka. Mahaifiyarmu takan ce in aka roƙi wannan yaron kansa, tambaya zai yi ko a haɗa da hular. Ya girma da halin, ya yi aure da shi, ya aurar da 'ya da shi. Abu guda ne kawai ban taɓa ganin ya ba wani aro ba, shi ne makullin motarsa. Sauran direbobi in sun dawo rataye nasu suke yi a allon ofis, shi kuwa an bar masa nasa saboda daɗewa. Yana ɗaure da wani shuɗin zare da na tufka masa, a aljihun ƙirji, yana taɓa shi lokaci-lokaci ko yana cikin magana. Makullin nan shi ne abincin gidansa, shi ne kuma abin da ya sa ake miƙe masa in ya shigo wuri.

Sai aka kawo doka. Wata motar wani kamfani ta faɗa rami da mutane, aka ce direban ya sha ƙwaya, daga nan aka ce duk mai jan motar haya sai an duba lafiyarsa, an gwada fitsarinsa, an ba shi kati. Ba kati, ba makulli. Aka share ɗakin da ke gefen tayoyi, aka sa tebur da benci, aka zaunar da wani dattijon nas mai yawan hamma. Aikinsa ya ba ka ɗan kofi, ka shiga ban ɗaki ka rufe ƙofa, ka fito ka miƙa masa. Sai ya riƙe kofin a tafin hannu ya ji ko da ɗumi, ya tsoma wata siririyar takarda, ya duba, ya buga maka hatimi. Ƙwaya kawai takardar take nunawa. Yaya shi ya fara shiga, ya fito da katinsa fes, har manaja yana nuna shi ga yara yana cewa su yi koyi.

Ba a daɗe ba wani matashin direba da ake kira Guguwa ya shigo shagona da wando a hannu. Sunan ya dace da shi, don in ya fita da mota daga ƙofar nan har zaren da ke kan teburina sai ya motsa.

Ya ce, "Anti, ɗan aljihu nake so daga ciki, nan wajen ƙugu, wanda zai manne da fata."

Na ce, "Na me?"

"Na waya."

"Wace wayar ce za ta shiga aljihu mai faɗin yatsa biyu?"

Ya yi dariya ya ce to na kuɗi ne. Na ɗinka masa. Washegari wani ya zo, bayansa wani, duk aljihun iri ɗaya suke so, siriri mai zurfi, kuma duk sai sun nanata a yi shi ya taɓa fata. Na daɗe ina ɗinki, na yi wa 'yan kasuwa aljihun ɓoye ba iyaka, ban taɓa jin wanda ya damu kuɗinsa su ji ɗumin jikinsa ba. Na ce a raina lallai akwai magana.

A daidai lokacin ne kuma Yaya ya fara canzawa. Ni na fara gani kafin kowa, don ni ke riƙe da ma'auninsa. Ya kawo wando in rage masa ƙugu, na rage. Ba a jima ba ya sake kawo shi. Leɓensa kullum a bushe, idanunsa sun faɗa, ga shan ruwa kamar tsohuwar mota mai yoyo. Yana zaune a bencina muna hira sai in ji shiru, in duba in ga ya yi barci baki buɗe. Wata mata da nake yi wa ɗinki ta ce min ta bi motarsa, ya tsaya a hanya ya fi a ƙirga, kowace tsayawa sai ya zagaya bayan mota.

Na je gidansa. Matarsa ta ja ni bayan tankin ruwa ta nuna min wasu ƙananan kwalabe, irin na maganin tari, an wanke su an kife a kan katanga.

Ta ce, "Na tambaye shi, ya ce na aiki ne. Kuma yaron nan Guguwa yakan zo da sassafe, su yi ƙus-ƙus a ƙofa, ya ba shi wani abu ya soke a ƙugu ya tafi."

Na ɗauki kwalba ɗaya na auna da yatsuna biyu. Daidai aljihun da nake ɗinkawa.

Ta ci gaba da ƙorafi, wai ga shi ya fara yi mata tsawa, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ga kuma kiyashi sun addabi ban ɗakinsu, ta zuba magani ta gaji. Maganar kiyashin ko ta kanta ban bi ba. Ni dai na riga na gama lissafina: rama, bushewar baki, barcin rana, saurin fushi, kwalaben maganin tari, da yara masu zuwa da sassafe. Na ga irin haka a kan ɗan maƙwabciyata kafin ya fara kwana a kwata. Na dawo shago. Haushi nake ji, kuma tsoro nake ji, ban san wanne ya fi ba.

Da Yaya ya shigo da yamma na tura ƙofa na sa sakata.

Na ce, "Yaya, me kake sayar wa yaran nan?"

"Sayarwa kuma?"

"Kada ka mayar da ni ƙaramar yarinya. Na ga kwalaben. Ni na ɗinka aljihun da ake saka su. Da girmanka, da jikanka, sai yanzu za ka fara wannan? Kuma kai ma sha kake yi, dubi yadda ka koma."

Ya kalle ni, sai ya kama dariya har da tari. Ni kuwa kamar in jefe shi da almakashi. Da ya ga ba wasa nake ba ya sunkuyar da kai.

"Ba sayarwa nake yi ba, Auta. Ba su nake yi."

"Me kake ba su?"

Ya ce, "Fitsari."

Sai da na nemi wuri na zauna. Ya yi min bayani da ƙaramar murya. Yaran suna shan ƙwayar hana barci, in suka ba da nasu za a kama su. Nasa kuwa kowa ya san tsaf yake. Sai ya cika musu kwalba da safe, su soke a ƙugu don kada ta huce, tunda nas ɗin ɗumi yake ji da hannu, su shiga ban ɗaki su juye a kofi. Guguwa ne ya fara roƙonsa, har da hawaye. Daga nan ya kawo abokinsa, abokin ya kawo nasa.

Ya ce, "Ba don daɗi suke sha ba. Mutum ya dawo da safe bai runtsa ba, a ce ya juya da rana. In ya ƙi a ba wani. Suna da iyali, Auta. In aka karɓe musu makulli me yaransu za su ci?"

Na ce, "Mutanen da ke zaune a bayansu fa? Su daga sama suka faɗo, ba su da iyali?"

Ya ce, "Na ce musu su daina."

"Suka ce me?"

"Suka ce to."

Wallahi takaici ya ishe ni. Mutum ya ba da takalmi, ya ba da keke, ya ba da rigar jikinsa, duk na gani, amma ban taɓa zaton kyautar Yaya za ta kai nan ba. Kuma ban yarda da shi duka ba. In dai ba ya shan komai, me ke cin naman jikinsa? Na buɗe masa ƙofa ya fita, na bi bayansa da kallo ina ta saƙe-saƙe.

Amsar ta zo ne ta inda ban zata ba. Dattijon nas ɗin ya bar aiki, aka kawo wata mace mai tabarau, ba ta hamma, ba ta hira. Zuwanta ya dace da lokacin sabunta kati, wanda ake duba ido da hawan jini da komai. Ita takarda biyu take tsomawa a kofi, ɗaya ta ƙwaya, ɗaya ta sauran cututtuka. Yaran da aka fara kira suka shiga da kwalabensu a ƙugu kamar yadda suka saba. Na farko ya fito, ba ƙwaya, amma an ce suga ya yi masa yawa. Na biyu haka. Na uku haka. Kafin azahar samari majiya ƙarfi sun jeru a benci, kowa an ce masa ciwon suga, har makanikai suna tsokana wai kamfanin ya koma shagon alewa.

Sai ta huda musu yatsa ta gwada jini. Ba wanda aka samu da komai.

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ina jin ta daga shago don ba ta rage murya ba. Ta ce, "Mutum ɗaya ne yake yi muku fitsarin nan, kuma ba shi da lafiya. Ku gaya masa ya zo ya same ni. Ba don kamfani ba, don ransa."

Manaja kuwa nasa daban ne. Ya dakatar da yaran, ya ce duk ranar da ya gano mai ba su, a ranar zai bar kamfanin, ko ubansa ne ya kafa shi.

Ina zaune allura a hannu sai kiyashin nan suka faɗo min a rai. Zaƙi suke bi. Rama, ƙishirwa, yawan tsayawa a hanya, duk suka jeru a gabana. Na yi ta zargin mutum da ƙwaya ashe ciwo ne ke cinsa, kuma sai da aka gwada shi a jikin wasu sannan aka gani. In kuna jiran ku ji na ba shi haƙuri, ban ba shi ba. Wanda ya kife kwalabe a bayan tanki shi ya jawo wa kansa zargi.

Daga ranar kamfanin ya zama wurin kallon-kallo. Yaran ba su faɗi sunansa ba, ban sani ba ko kara ce ko kuwa suna tunanin gaba. Amma kowa ya ji abin da ake nema: mutum mai yawan shan ruwa, mai yawan zagayawa. In direba ya ɗaga gora sau biyu sai ka ga ana satar kallonsa. In ya nufi ban ɗaki, mai gadi ya bi shi da ido. Wani mai ƙiba da bai san hawa ba bai san sauka ba har gaisuwa aka daina yi masa. Yaya ya daina shan ruwa a cikin kamfani. Sai ya tsallako shagona kamar ya zo gaishe ni, ya shige bayan labulen gwaji, in ji yana kwankwaɗa kamar wanda ya kwana a daji. Ya goge baki, ya gyara hula, ya koma. Mutumin da bai taɓa ɓoye komai ba ya koma shan ruwa a ɓoye kamar ɓarawo, abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Manyan direbobi su aka bari a ƙarshe. Ana gobe ranar gwajinsa Yaya ya shigo da wandon aikinsa a naɗe, ya ajiye a kan teburina.

Na ce, "A rage ƙugu?"

Ya ce, "Aljihu."

Na ajiye almakashi. "Na wa za ka saka a ciki? Duk waɗanda ka taimaka nasu ba ya shiga kofi."

"Guguwa ya samo. Na wani mai facin taya ne a bakin titi, ko shayi ba ya sha."

Ka ji fa. Tun ba a kai ko'ina ba har sun samo wata rijiyar. Shi Guguwa bai shiga cikin waɗanda aka dakatar ba, don ya sabunta katinsa tun dattijon nas ɗin yana nan, da kwalbar Yaya.

Na ce, "In ka ba da na mai faci, ba za ta huda maka yatsa ba ke nan."

"Sai wanda takarda ta nuna take hudawa."

"Ciwon fa?"

"Zan nemi magani a waje, a hankali. In na ba da nawa, Auta, abu biyu za ta gani lokaci guda: ga mai ciwon, ga mai ba yara. A ranar zan ajiye makulli."

"Kana ganin hanya sosai?"

"Ina gani."

"Yaya."

Ya taɓa aljihun ƙirjinsa. "Da rana takan ɗan yi min dishi-dishi. Amma na san hanyar, ko ido rufe zan bi ta."

Na so in yi masa tas. Kalmomin suna bakina. Amma tunda nake da shi, shi ake roƙo, ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba sai ranar. Shi ya saya min keken ɗinkin da nake ci da shi. Na ja wandon na juya shi, na yanko ƙyalle, na ɗinka aljihun ina zaginsa a zuci, ina zagin kaina. Na yi shi da kyau kuwa, ko an shafa ba za a ji ba. Ni da nake yi masa gorin bai iya cewa a'a ba, ga ni nan.

Da safe na buɗe shago da wuri, ban taɓa ɗinki ba, taga kawai na kama. Yaya yana zaune a bencin ƙofar nas yana jiran a kira shi, ya dafe ƙugu da gwiwar hannu. Tunda ranar gwajinsa ce, an ce ya ba da makulli wani ya yi masa tafiyar. Na ga ya kwance shi daga shuɗin zaren da kansa ya miƙa wa Guguwa, wanda shigowarsa ke nan daga tafiyar kwana, ko fuska bai wanke ba. Na ga Guguwa ya juya baya ya jefa wani abu a baki ya kora da ruwa. Yaya ma ya gani, ya kau da kai.

Sai ga Ummi, babbar 'yar Yaya, da jaririnta a baya da jaka a hannu. Ta zo ganin gida ne za ta koma garin mijinta, kuma kamar kullum ta jira ranar motar babanta. Ba wanda ya gaya mata an canza direba. Ta leƙo shagona ta ce, "Gwaggo, sai mun sake zuwa," kafin in buɗe baki ta tsallaka ta hau. Ta zauna kujerar gaba, bayan direba, inda babanta yake ajiye mata. Ta hango shi a benci ta ɗaga masa hannu tana mamaki.

Na fito ko mayafi ban yafa sosai ba. Kafin in ƙarasa Yaya ya riga ni. Ya tsaya a ƙofar motar.

Ya ce, "Ummi, sauko."

"Baba, lafiya? Na riga na zauna, ga kayana a ciki."

"Sauko da yaron."

Guguwa ya leƙo daga kan sitiyari, idanunsa jajir, bakinsa sai motsi yake. "Haba Baba, bar ta mana. Ni zan kai ta har ƙofar gida. Katina yana aljihu, lafiyata ƙalau."

Yaya ya ce, "A'a."

Na shekara hamsin da wani abu a duniya, ranar na fara jin kalmar nan daga bakinsa. Ba da ƙarfi ya faɗe ta ba. Ummi ta sauko tana kallonsa, ya karɓi jakar ya ajiye a ƙasa.

Sai wata tsohuwa da ke zaune a bakin taga, irin masu jiran ranarsa, ta leƙo ta ce, "Direba, mu fa? Mu zauna ko mu sauko?"

Ya ɗaga kai ya bi tagogin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Motar cike take, da 'yan makaranta, da masu goyo, da wani dattijo rungume da buhu. Ina tsaye kusa da shi ina jin numfashinsa. Ya ce wa tsohuwar, "Ku ɗan jira ni."

Ya juya ya nufi ɗakin nas, na bi shi, ba wanda ya hana ni. Ya sa hannu a ƙugu ya zaro kwalbar daga aljihun da na ɗinka, ya dire ta a kan tebur.

Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ba ni kofi. Ni ne wanda kike nema. Kuma yaron da ke kan motata, da fitsarina ya samu katinsa, a sauke shi a gwada shi kafin ya fita da mutane."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta miƙa masa kofi. Da ta huda yatsarsa ta ga abin da na'urar ta nuna, sai ta ce ya zauna kada ya sake ya miƙe, ta aika a nemo motar da za ta kai shi babban asibiti. Ta tambaye shi ya aka yi yake tuƙi a haka. Ya ce a sannu.

An sauke Guguwa, an samo wani direban ya ja motar. Manaja ya cika alkawarinsa tun Yaya yana gadon asibiti. Likita ya ce da ya zo da wuri da kansa, da magani da kiyaye abinci wataƙila a bar shi ya ci gaba da tuƙi, amma ciwon ya riga ya taɓa idon. Ko bai taɓa ba, kamfanin ya gama da shi. Yaran da ya yi ta cika wa kwalba ba wanda ya leƙo shi. Wasu ma in sun gan shi yanzu sai su tsallaka titi, wai ya tona musu asiri. Tsohuwar nan ta bakin tagar mota ce ta zo dubiya, ta tambayi gidan har ta samu.

Yanzu a shagona yake wuni. Yana yi min guga, yana sa maɓalli in hasken ya isa, yana shan ruwansa a fili. Ya ɗan murmure, har na buɗe masa ƙugun wandon da na yi ta ragewa. Da zan buɗe na ce bari in farke aljihun nan, ya ce in bar shi, nan yake saka maganinsa. Duk wandon direban da ya shigo shagona gyara kuwa, sai na juya shi na duba, in na ga aljihuna in farke, kuma ba na neman izini.

Ina alfahari da shi, kuma na tsani ranar nan, duka biyun gaskiya ne. Abin da ban iya jurewa shi ne safiya, lokacin da motarsa take fitowa ta ƙofar baya. Yakan san ƙararta tun tana cikin gareji. Sai ya ajiye dutsen guga ya saurara, in sabon direban ya sa giya da gaggawa ya ɗan yamutsa fuska. Makullin yana can a allon ofis tare da na kowa. Shuɗin zaren kuwa yana nan a aljihun ƙirjinsa, ba komai a jikinsa, kuma har yau in motar ta wuce sai ya kai hannu ya taɓa.